Tip ɗin CuCrZr na tocin MB15: shi ya yi, nozul ɗin ne dai da sauƙi

Salam 'yan uwa masu walda, musamman masu injin MIG (mai turo wayar walda ta cikin toci) na gas ɗin CO2. Tun bayan sallah na koma sa tip ɗin nan (ɗan bakin toci mai rami da waya ke fitowa ta cikinsa) da aka rubuta CuCrZr a jikinsa a tocina MB15AK samfurin Binzel, kuma wallahi kuɗina bai tafi a banza ba. Eh ya fi tip ɗin E-Cu tsada, amma shi E-Cu jan ƙarfe ne zalla mai laushi, waya na wucewa tana cinsa a hankali har ramin ya buɗe ya koma kamar ƙwai, daga nan sai wuta ta fara rawa, tartsatsi ya yi yawa, wani lokacin ma wayar ta narke ta manne a baki ka tsaya kana ta fama da filaya ga mai ƙofa a tsaye yana jiranka. Shi CuCrZr kuwa jan ƙarfe ne da aka gauraya da wasu ƙarafa da ke ƙara masa tauri da jure zafi, na yi gyat da tagogi da shi ramin na nan a zagaye.

Amma fa a duba lamba. Waya 0.8 tip 0.8, waya 1.0 tip 1.0, ko da mai shago ya ce maka "oga ai duk ɗaya ne" kar ka yarda, in ramin ya yi wa waya yawa ba ta samun wuta daidai. Masu alminiyom ku nemi mai harafin A. Sannan tocin MB15 tip mai M6 (lambar kaurin wajen ɗaurewa) yake ɗauka gajere, tocin MB36 kuma galibi M8, gara ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu a gwada.

Nozul ɗin (bututun da ke rufe tip, da gas ke fitowa ta cikinsa) da na haɗo da su ne bai burge ni ba, ba na kamfanin ba ne, ƙarfensa siriri, da ya ɗau zafi sai ya fara sako-sako. Mai tsukakken bakin yana shiga kwana sosai, sai dai tartsatsi na toshe shi da wuri, gas ya kasa fita, ka ga walda ta yi huji-huji. Aikin yau da kullum mai matsakaicin baki ya fi, a riƙa tsoma shi a man hana tartsatsi yana da ɗumi, kuma don Allah yara su daina buga toci a tebur wai suna kakkaɓe shi.