Allurar infliximab ta ƙarƙashin fata: ra'ayina bayan na bar dirif

Ni dai tauraro huɗu na ba ta cikin biyar, kuma zan faɗi inda ɗayan ya tafi. Cutar Crohn gare ni, wato ɗaya daga cikin cututtukan kumburin hanji guda biyu, ɗayar ita ce mai sa gyambo a babban hanji kawai. Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka gudawa ce ta yau da kullum, alhali garkuwar jikinka ce da kanta take faɗa da hanjinka, ga murɗar ciki ga jini ga rama, ga gajiyar da barci ba ya maganinta.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1998 aka amince da infliximab a Amurka don Crohn, aikinsa ya kama wani sinadari mai suna TNF wanda shi ke hura wutar kumburin. Da ta dirif kawai ake ba da shi, miligiram 5 kan kowane kilo na nauyinka, ranar farko, sai mako na 2, sai na 6, daga nan duk bayan mako 8. Zaman ƙarin ruwan kansa kamar awa biyu ne amma kowa ya san yinin ya tafi, a nemi jijiya a rasa a sake nema, a auna hawan jini, a jira. Ta ƙarƙashin fatar kuwa a 2020 Turai ta amince da ita ga masu ciwon hanji, miligiram 120 duk mako biyu, cikin wani abu kamar biro, kai da kanka za ka yi a gida.

Yadda ake yi ba wuya wallahi. Ka fito da ita daga firij ka bari ta yi minti 30 ta huce daga sanyi, ka goge gaban cinya ko ciki amma ka nisanci cibiya, ka danna, za ka ji ƙas na farko, ka riƙe kar ka ɗaga har ka ji na biyu sannan ka ƙirga biyar a hankali. Allurar ma ba ka ganinta. Nas ɗin da ta koya min ta ce in riƙa canza wuri kowane karo, kuma gaskiyarta, in ka maimaita wuri ɗaya sai ya yi ja ya yi ƙaiƙayi.

Abin da ya fi burge ni shi ne can baya in an doshi mako na bakwai sai in ji cikin ya fara motsi, kamar maganin ya ƙare kafin lokacinsa. Yanzu babu wannan. Likitana ya ce ba tunanina ba ne kawai, a gwajin da aka kwatanta hanyoyin biyu an ga maganin yana zama da yawa a jini tsakanin allura da allura ga masu yin ta fata, ba ya hawa sama ya faɗo ƙasa.

To sai dai abin da ke ci min rai ba allurar ba ce, jinkirin da ake yi kafin a kai mutum gare ta ne. Da yawanmu sai an yi ta juya mu da prednisolone, wato maganin sitiroyid mai kwantar da kumburi, fuska ta kumbura barci ya gudu, a rage ciwo ya dawo a sake ƙarawa. Akwai binciken PROFILE da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2024, mutum 386 sababbin kamuwa da Crohn, waɗanda aka fara musu infliximab tun daga farko kashi 79 cikin ɗari sun samu lafawar ciwo mai ɗorewa ba sitiroyid ba tiyata, waɗanda aka bi da su mataki-mataki kashi 15 kacal. Ku duba tazarar nan fa. Tun 2010 ma binciken SONIC ya nuna haɗa infliximab da azathioprine, wata ƙwaya mai danne garkuwa, ya fi, kusan kashi 57 sun samu lafawar ciwo a kan 44 na masu shi kaɗai, domin jiki kan ƙirƙiro abin da zai yaƙi maganin, ƙwayar kuma tana rage hakan. In likitanka bai taso da zancen ba kai ka taso da shi, cikin ladabi.

Tauraron da na cire, na farko firij ne, dole tsakanin digiri 2 da 8 kuma kar ta daskare, in tafiya ta kama ka sai da jakar sanyi. Na biyu shi ya fi muhimmanci, ranar dirif ko ba komai akwai idon ma'aikaci a kanka, a ɗebi jini a tambaye ka ya jiki, amma a gida ba mai tuna maka, kuma jin sauƙi ba ya nufin hanjin ya warke. Shi ya sa ban wasa da gwajin bayan gida na kalfurotektin, in lambar ta haura 250 yawanci akwai kumburi ko da kana jin garau, sannan duba hanji da kyamara in lokacinsa ya yi.

Don Allah kar wanda ya fara ba a yi masa gwajin tarin fuka da ciwon hanta nau'in B ba, maganin yana danne garkuwa, tibin da ya kwanta shiru a jiki yana iya farkawa. In zazzaɓi ya kama ka ranar allura kar ka yi, kira asibiti tukuna. Wanda kuma dirif ke masa aiki lafiya lau kuma ya san shi mai mantuwa ne, ni a ganina ya zauna a kan dirif ɗinsa.