Hattara da masu sayar da SSD na jabu suna ɗora wa Linux laifi

Duk mai amfani da Linux da ke shirin canza faifan kwamfutarsa ya kamata ya san da wannan damfarar. Za a sayar maka da SSD, wato faifan ajiyar bayanai mai sauri, mai tambarin sanannen kamfani, a ce terabait 1 ne ko 2, da arhar da ta wuce hankali. Ka sa shi, ka ɗora wani nau'in Linux kamar Ubuntu ko Mint ko Fedora, kwana biyu lafiya lau. Daga nan kwamfuta ta fara jan ƙafa: taga ta ƙi buɗewa, linzami ya daskare, kwafin fayil ya tsaya cak. Idan ka koma wa mai kaya, sai ya ce ai Linux ne bai dace da faifan ba, amma ka ƙara kuɗi ya turo maka direba (manhajar da ke sarrafa faifan) na musamman, ko ka bar shi ya shiga kwamfutar daga nesa ya gyara.

Ƙarya ce tsagwaronta. NVMe da SATA su ne hanyoyin da SSD ke haɗuwa da kwamfuta; direban NVMe yana cikin kanel, wato zuciyar Linux, tun siga ta 3.3 a 2012, na SATA kuwa ya riga shi. Babu SSD na gaske da ake saya wa direba daban. Abin da zai turo yawanci layin umarni ɗaya ne da ya fara da `curl` ya ƙare da `sudo bash`, kuma da zarar ka danna shi ka sa kalmar sirrinka, ka miƙa masa ragamar kwamfutar gaba ɗaya. Wannan ya fi asarar kuɗin faifan muni.

Amma a yi adalci, ba kowane nauyi ne alamar jabu ba. Idan ka kwafo tsohon tsarinka zuwa sabon faifai, sau da yawa fayil ɗin `/etc/fstab`, mai jerin sassan faifan da tsarin zai yi amfani da su, yana nan yana neman lambar shaida (UUID) ta tsohon swap, wato sashen faifai da ke taimaka wa RAM idan ya cika. Shi ya sa kwamfuta ke tsayawa daƙiƙa 90 wajen tashi, tana jiran abin da babu shi. Kwatanta abin da `blkid` ya nuna da abin da ke cikin fstab, ka gyara lambar, sannan `swapon --show` ya tabbatar maka swap yana aiki. In ba ya aiki, da RAM ya cika komai zai iya daskarewa. Haka kuma manhajojin binciken fayil, Baloo a teburin KDE da LocalSearch (Tracker a da) a teburin GNOME, sukan sake lissafa fayiloli bayan babban kwafi. Umarnin `top` zai nuna su, kuma da sun gama nauyin zai tafi.

Idan duk wannan lafiya, sai a titsiye faifan kansa. Saka smartmontools, manhajar duba bayanan faifai, ka rubuta `sudo smartctl -a /dev/sda`, ko `/dev/nvme0` idan NVMe ne. Duba suna da lambar siriyal, su yi daidai da na jikin kwali. Suna gama-gari irin "SSD 1TB" a faifan da aka ce na babban kamfani ne, ko siriyal mai sifili zalla, alama ce mara kyau. Duba awannin da ya yi a kunne ma: sabon kaya ba ya zuwa da dubban awanni. Sai dai mai wayo yana iya goge waɗannan lambobin, don haka kada ka tsaya nan.

Gwada gudu da `sudo hdparm -t /dev/sda`. SSD na SATA mai kyau a layin gigabit 6 yakan kai wajen megabait 500 a daƙiƙa. Idan ka ga ƙasa da megabait 300, duba `sudo dmesg | grep -i "link up"`. In ya ce 3.0 Gbps, mai yiwuwa mahaɗar allon kwamfutar ko wayar ce ta taƙaita shi, ba lallai laifin faifan ba ne.

Gwajin da jabu mai ƙaryar girma ba ya tsallakewa shi ne f3, manhajar tantance ainihin girman faifai. Dabarar masu jabu ita ce su gyara manhajar cikin faifan ya riƙa iƙirarin girman da ba shi da shi. Da ka wuce ainihin girmansa, sabon rubutu ko dai ya hau kan tsoho ko ya ɓace, ba tare da wani kashedi ba, shi ya sa matsalar ba ta bayyana sai faifan ya fara cika. `f3write` yana cika faifan da fayiloli masu gigabait 1 kowanne, `f3read` ya karanto su ya faɗi nawa suka lalace. Zai ci awanni, ka ƙyale shi ya gama. Raguwar gudu a tsakiya ba hujja ba ce, SSD masu arha na gaske ma suna yi idan ma'ajiyarsu ta wucin gadi ta cika. Lalatattun fayiloli su ne hujja.

Kada ka goge tsohon faifanka sai sabon ya ci wannan gwajin. In ya faɗi, ɗauki hoton sakamakon smartctl da na f3read, haɗa da rasit da hoton kwali, ka kai ƙorafi ta dandalin da ka biya kuɗin kafin wa'adin mayar da kaya ya cika. Mai kayan zai yi ta jan ka da magana ne don kwanakin su ƙare. Wanda kuma ya riga ya danna layin da aka turo masa, ya cire kwamfutar daga intanet, ya canza kalmomin sirrinsa daga wata na'ura, sannan ya ɗora tsarin sabo fil a kan faifan da ya tabbatar da shi.