Hattara da Shafukan "Duba Yawan Takwarorinka a Duniya"

Jama'a, akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp da Facebook, ya lafa kwana biyu ya sake tasowa. Lafazinsa kan canza, amma ƙunshiyar ɗaya ce: "Mutum nawa ne ke da suna irin naka a duniya? Latsa nan ka gani kyauta." Galibi daga hannun wanda ka sani zai zo maka, shi ya sa ba ka kawo komai a ranka.

Kana latsawa shafi zai buɗe da gurbin rubuta suna. Ka rubuta, wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa, a ƙasansa an rubuta wai ana laluben bayanan mutum biliyan 8. Can sai ya tsaya, ya ce domin sakamako ya fito daidai sai ka ƙara ranar haihuwarka, garin da aka haife ka, sunan mahaifiyarka da lambar wayarka. Ka gama cikewa, a ce saura mataki ɗaya: tura saƙon zuwa zauruka biyar kafin a nuna maka. Ta nan ya iso wurinka, kuma wanda ya turo maka bai ma ga nasa sakamakon ba lokacin da ya tura.

To, a tsaya a yi tunani. Wanda zai ƙirga masu suna irin naka, me yake bukata ban da sunan? Babu. Ranar haihuwa ba ta ƙara yawan takwarorinka, rage su take yi. Garin haihuwa ya sake rage su. Sunan mahaifiya da lambar waya kuwa sun kore kowa sun bar ka kai kaɗai. Ke nan an ce maka za a nemo masu kama da kai, alhali kowace tambaya aikinta shi ne ta ware ka daga cikinsu. Ga ɗan damfara, suna tsagwaronsa ba shi da wani amfani, tunda dubban mutane na amsa shi. Abin da yake nema shi ne ya san wanne ne kai a cikin dubun, kuma kai ka faɗa masa da hannunka.

Kada a raina waɗannan 'yan bayanai. A shekarar 2000 wata masaniya a Amurka, Latanya Sweeney, ta yi lissafi da alƙaluman ƙidayar ƙasar ta 1990, ta gano cewa abu uku kacal, wato ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya ta unguwa, sun isa a ware kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. Wani binciken na 2006 ya sauko da adadin zuwa kashi 63, amma ko hakan ai ba kaɗan ba ne. Kuma wannan ba tare da an san sunan mutum ba. Ina ga wanda ya haɗa da cikakken suna da lambar waya? Sunan mahaifiya da garin haihuwa kuma su ne irin tambayoyin da bankuna da shafukan imel suka daɗe suna yi wa wanda ya ce ya manta lambar sirrinsa.

Shi kansa alkawarin ƙarya ne tun daga tushe. Babu wani kundi guda a duniya da ya tattara sunayen 'yan Adam. A ƙiyasin Bankin Duniya na 2021, kusan mutum miliyan 850 ba su da wata takardar shaida ta hukuma, to a wane rumbu shafin ya ga sunayensu? Ga kuma rikicin rubutu. Muhammad da Mohammed da Mehmet da Mamadou, suna ɗaya za a ƙirga ko huɗu? Balle a zo ga waɗanda ke rubuta sunansu da baƙaƙen Larabci ko na Sin ko na Rasha.

Ba na ce duk shafin da ke ƙiyasta yawan masu suna na ɓarayi ba ne. Wasu ƙasashe na fitar da alƙaluma na gaskiya. Hukumar ƙidaya ta Amurka ta wallafa sunayen dangi daga ƙidayar 2010, inda Smith ya zo na ɗaya da mutum sama da miliyan 2.4. Hukumar fansho da walwala ta ƙasar kuma tana da jerin sunayen jarirai tun daga 1880, kuma ba ta saka sunan da bai kai jarirai biyar ba a shekara, don kada a gane mutum. A Sin, masu sunan dangi Wang sun haura miliyan 100. Shafi mai gaskiya da irin waɗannan alƙaluma yake aiki: ya ɗauki yawan masu sunan farko da yawan masu sunan dangi ya yi lissafi, ya faɗa maka cewa ƙiyasi ne, na ƙasa kaza, daga ƙidayar shekara kaza. Ba ya tambayar sunan mahaifiyarka, ba ya kuma sa ka tallata shi kafin ya amsa.

Shafin bogi kuwa ba ya lissafin komai. Ƙaga wani suna da ba a taɓa raɗa wa kowa ba, ko ka daddanna haruffa barkatai, za ka ga da'irar ta juya ta ba ka adadi mai kama da gaskiya, misali mutum 4,817. Sake rubuta sunan nan, wataƙila wani adadin daban ya fito.

Inda abin ya fi muni shi ne bayan ka bayar da lambar waya. Wani shafin zai ce an turo maka lambobi shida ta saƙon tes domin a tabbatar kai ne, ka rubuta su a gurbi. Waɗannan lambobin na WhatsApp ɗinka ne. A daidai lokacin wani yana can yana ƙoƙarin buɗe asusunka a tasa wayar, su kaɗai yake jira. Da zarar ya samu, an fitar da kai, shi kuma ya shiga bin 'yan uwanka da abokanka da sunanka da hotonka yana cewa kana cikin matsala a taimaka da kuɗi. Wani shafin kuma manhaja zai ce ka sauke, ba daga Play Store ba, tana buɗewa ta nemi izinin karanta saƙonninka. Mai ƙirga suna me ya haɗa shi da saƙonnin da banki ke turo maka? Akwai kuma masu cewa cikakken rahoto sai ka biya wani abu da bai taka kara ya karya ba, ka sa lambar katinka, ashe a ƙananan rubutun da ke ƙasa ka amince a riƙa cirar kuɗi duk wata.

Maɓallin nan na "shiga da Facebook" ma ba abin wasa ba ne. A 2018 wani mai binciken tsaro ɗan Beljiyam, Inti De Ceukelaire, ya gano cewa NameTests, shafin wasannin suna mai masu amfani kusan miliyan 120, ya bar sunaye da ranakun haihuwa da hotuna da jerin abokan mutane a inda wani shafin zai iya kwasa. Wannan sakaci ne, an kuma toshe shi bayan ya kai rahoto. A shekarar ce kuma badaƙalar Cambridge Analytica, wani kamfanin ba 'yan siyasa shawara, ta fashe: mutum wajen 270,000 ne suka yi wani wasan tambayoyi ta Facebook, amma bayanan da aka kwasa ta hanyarsu sun kai na mutum miliyan 87, domin har da na abokansu. Tarar dala biliyan 5 hukumomin Amurka suka ci Facebook a 2019. Idan manyan da ake gani ido da ido haka ta faru da su, shafin da ba a san mai shi ba fa?

Bayan 'yan makonni kuma kada ka yi mamaki in ka ga wasiƙa daga wani "lauya", wai wani attajiri mai suna irin naka ya rasu a ƙasar waje bai bar magaji ba, kai ne ka dace da dukiyar, kuɗin takardu kawai za ka fara turawa. Tsohuwar damfara ce, sai dai yanzu ta zo da ranar haihuwarka da sunan mahaifiyarka a ciki, shi ya sa take kama da gaske.

Wanda ya riga ya cike irin wannan fom, ya fara da imel ɗinsa, ya canza lambar sirri da tambayoyin tsaro, domin ta nan ake bi a ƙwace sauran asusai. A WhatsApp ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ya saka wata lambar sirri (PIN) da za a riƙa nema kafin a buɗe asusunsa a wata waya. In an riga an ƙwace, ya sake rajista da lambar wayarsa, sabbin lambobi shida za su fitar da ɓarawon, sai dai in ɓarawon ya saka nasa PIN ɗin ana iya jiran kwana bakwai. A Facebook ya shiga saituna ya cire duk manhajar da bai gane ba. In lambar kati ya bayar, ya kira bankinsa a rufe katin yau ɗin nan. Sannan ya koma zaurukan da ya tura saƙon ya goge shi, ya faɗa musu dalili, don wasu sun latsa ne kawai saboda daga wurinsa ya fito.