Fatar majema ko ta kamfani: wacce mai koyon dukanci zai fara saya?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana so ka fara dukanci a lokacin hutunka, ka ɗinka walat da bel da kuben wuƙa, amma da ka je kasuwa aka shimfiɗa maka fata iri biyu, ta majema da ta kamfani, sai ka dawo ba ka sayi ko ɗaya ba. Gara da ka dawo. Ni a farkon koyona ban yi tambaya ba, na kwaso guntayen fatar kamfani don na ga sun fi sheƙi, na kwana uku ina buga musu ado, kullum da safe in tarar zanen ya shafe kamar ban taɓa su ba.

Bambancin daga wurin jima yake farawa. Majemi yakan jiƙa fata a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare ta, sannan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, yana juyawa yana sabunta ruwan, kwana da kwanaki. Ɗacin nan na bagaruwa mai ɗaure baki shi ke ratsa fatar ya hana ta ruɓewa. Haka ake yi a majemar Ƙofar Wambai a Kano, haka a Sakkwato da Damagaram. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da aka jeme ta wannan hanya ita fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun Larabawan arewacin Afirka, suka sa mata suna fatar Maroko, suna yi wa littattafansu bango da ita. Kamfanoni kuwa, irin na Challawa da Sharaɗa, galibi da sinadarin kurom suke jima, cikin manyan ganguna masu juyawa, kuma jimar kanta ba ta wuce kwana guda. Fatar takan fito shuɗi-shuɗi kafin a rina ta. Yawancin fatar da ke duniya yau irin wannan ce.

To, a hannun baduku fa? A nan ne maganar take.

Fatar bagaruwa tana shan ruwa, kuma tana riƙe abin da aka yi mata. Ka shafa mata ruwa da soso, ka jira har launinta ya fara komawa yadda yake amma in ka taɓa ta ka ji sanyi, sai ka ɗora ƙarfen ado ka buga. Zanen ya zauna ke nan har fatar ta tsufa. In ka buga tana sharkaf, zanen zai yi laɓo-laɓo. In ta bushe sarai, sai ka sha wahala a banza. Ta kamfani ba ta da wannan hali ko kaɗan. Ka danna ta, ta dawo. Ruwa ma sau da yawa a kanta yake tsayawa saboda fentin da aka shafe fuskarta da shi.

Haka zancen gefe. Abin da ke bambanta aikin mai haƙuri da na mai gaggawa shi ne bakin fatar bayan an gama ɗinki. Ta bagaruwa, ka daidaita bakin da samfefa, ka shafa ɗan ruwa ko ruwan ƙaro, ka goga da santsin itace ko ƙyallen kaki mai kauri har ka ji ya ɗauki zafi, ka bi da kakin zuma. Zai yi sulɓi kamar kwalba. Ta kamfani ko ka yini kana gogawa sai dai ta yi gashi-gashi, dole ka fere bakin ka naɗe shi ciki, ko ka sayi fentin gefe. Fere fata mai taushi kuwa aiki ne da ke son hannu ya riga ya faɗa, don tana miƙewa a ƙarƙashin wuƙa, ka auna daidai ka yanka ka ga ya karkace.

Kada ka ɗauka raina ta kamfani nake yi. Tana da wurinta, kuma a wurin nata ta bagaruwa ba ta kama ƙafarta. In jakar mata za ka ɗinka wadda ake so ta kwanta luf, ko saman takalmi, ko wani abin da zai sha ruwan damina, ita ce zaɓi. Launinta iri-iri ne, kaurinta ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan, ba ta tabo don ɗigon ruwa ya faɗa mata. Ta bagaruwa kuwa ɗigo ɗaya kan bar mata shaida, rana tana ƙara mata duhu, gumin hannu ma haka. Ni wannan duhun nake so, walat ɗin da ke aljihuna ya tashi daga fari-fari ya koma kalar zuma. Wani kuma ba ya so, kuma ba laifi ba ne.

Akwai abu guda da za ka kiyaye da shi ƙwarai: ƙarfe da jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa ba sa ga-maciji. Ka ajiye almakashi ko ƙusa a kanta tana da danshi, ka dawo ka tarar da baƙin tabo wanda ba ya fita. Dukawan da sun san wannan sarai, shi ya sa suke haɗa baƙin rininsu, kuloko, da ƙarfe, kamar yadda suke samun ja daga karan dafi. Abin da ke ɓata aikin wanda bai sani ba, shi ne rini a wurin wanda ya sani.

Yadda za ka gane su a kasuwa ba wuya. Ka roƙi mai kaya ya yanko maka ɗan guntu, ka dubi cikin yankan. Ta kamfani sau da yawa za ka ga tsakiyarta shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ta bagaruwa kuwa ruwan ƙasa ce har ciki. In rini ya ratsa har ba ka iya ganewa, ka tafi da guntun gida ka jefa a tafasasshen ruwa. Ta bagaruwa za ta ƙanƙance ta murɗe nan take, in ta bushe ta yi tauri; ta kamfani kusan yadda ta shiga haka za ta fito. Wasu na cewa a ƙona a duba tokar, ni ba na ba da wannan shawara, hayaƙin fatar kurom ba abin shaƙa ba ne.

Ita ma ta majema ba duka ce ta gari ba. Wadda aka yi wa gaggawa za ka ga wani farin layi a tsakiyar yankan inda bagaruwa ba ta kai ba, kuma tana ɗan wari. Ka ninka kusurwarta da ƙarfi, in fuskar ta tsage, bar musu. In rinanniya ce, ka jiƙa farin ƙyalle ka goga, domin akwai wadda za ta ɓata wa mutum farar shadda ranar Juma'a.

Yanzu ga kayanka uku. Walat, fatar akuya ta bagaruwa mai kaurin milimita 1 ko ƙasa da haka kaɗan, don in ka jera aljifai uku kaurin zai taru. Bel kuwa akuya ba za ta yi ba ko wace irin jima ce, sai ƙirgin saniya mai milimita 3 zuwa 4, kuma ka yanko daga gadon baya, kusa da tsakiya. Fatar ciki sako-sako ce, wata biyu ramukan sun buɗe baki. Ɗinkin duka da allura biyu za ka yi, ɗaya a kowane bakin zare, kana bi da su ta rami guda. Ka fara huda ramukan da basilla, tsakaninsu milimita 3 zuwa 4, ka yanki zare kamar ninki huɗu na tsawon ɗinkin, ka murza masa kakin zuma. Irin wannan ɗinki ko wuri ɗaya ya tsinke ba ya warwarewa kamar na keke.

Kube shi ne inda za ka ji daɗin fatar bagaruwa sosai, kuma ban ga dalilin da za ka yi shi da ta kamfani ba, don ba za ta tsaya da siffar wuƙar ba. Ka samo mai milimita 2 zuwa 3. Ka shafa wa wuƙar mai, ka naɗe ta da leda sosai saboda tabon nan da na faɗa maka. Tsakanin ɓangarori biyu na kuben, ta gefen da kaifi zai bi, ka sa wani siririn yankin fata ka ɗinke su uku tare, in ba haka ba wuƙar za ta ci zaren. Bayan ɗinki ka jiƙa kuben da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, ka zura wuƙar, ka riƙa danna fatar da yatsa kana bin jikinta har siffar ta fito. Ka bar shi a inuwa ya kwana. Kada ka shanya a rana, musamman da hunturu, don zai bushe ya tsattsage. In ya bushe ka cire ledar, ka shafa masa mai ɗan kaɗan a ƙyalle, ka jira ya sha kafin ka ga ko yana son ƙari, domin mai in ya yi yawa kuben zai saki, wuƙar ta riƙa zamewa.