Asibitin gwamnati ko na kuɗi: ina za a kai maigida ganin likitan ƙwaƙwalwa a Jidda?

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Tun daren jiya tambayarki ta tsaya mini a rai. Kin ce maigidanki ya shiga wata na huɗu barci ya ƙaurace masa, abinci sai an yi da gaske, in ya dawo daga aiki sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa. An yi ruƙiyya, an sha zamzam, abin yana nan. Yanzu ya yarda ya ga likita, kina son sanin inda ya fi tsakanin asibitin gwamnati da na kuɗi, da kuma ko katin inshorar kamfaninsu zai biya. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka miki da alheri. Yardar nan da ya yi ita ce mai wuyar, kada a bari ta huce. Na bi hanyoyin biyu da ƙanena, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto miki.

Ki fara da sanin wanda kike nema, don a nan mutanenmu suke yawan ɓata kuɗi. Akwai "ɗabib nafsi", akwai "akhissa'i nafsi". Na farko likita ne da ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a ciwon ƙwaƙwalwa. Shi yake rubuta magani, shi yake sa a yi gwajin jini, domin ciwon maƙoƙo ko ƙarancin jini kan zo da kamannin ciwon damuwa. Na biyu masanin halayyar ɗan Adam ne, aikinsa zama da mutum a yi magana mako-mako, ba ya rubuta magani. Dukansu suna da amfani, sau da yawa ma tare suke aiki. Amma mutumin da ya yi wata huɗu ba barci ba ci, likitan ya kamata ya fara gani.

Ɓangaren gwamnati, ƙofarsa ta danganta da irin igamar, wato takardar izinin zama, da mutum yake riƙe da ita. Ɗan ƙasa ana duba shi kyauta, haka masu aikin gida da direbobin gida da suke ƙarƙashin kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansu, ɗan ƙasa, sun saba zuwa asibitocin Ma'aikatar Lafiya. Ma'aikacin kamfani kuwa, irin maigidanki, an ɗora lafiyarsa a kan inshora ne, in ba larurar gaggawa ba. Wanda ƙofar ta buɗe masa, hanyar ita ce ya nemi lokaci ta manhajar Sehhaty a ƙaramin asibitin unguwa, likitan can ya ba shi "tahwil", wato takardar tura mara lafiya, zuwa babban wuri. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati yanzu sunan Irada suke amsawa, akwai a Jidda, akwai a Riyad da Dammam. Manyanmu har gobe in an ce asibitin ƙwaƙwalwa sai su tuna tsohon asibitin Shihar na garin Ɗa'if, gabansu ya faɗi. Wannan tsoron ya hana mutane da yawa magani, alhali galibin masu zuwa waɗannan wurare ganin likita suke yi su karɓi magani su koma gida a ranar.

Inda gwamnati ta fi ƙarfi shi ne ciwo mai nauyi. Suna da gadaje, suna da sashen gaggawa, suna da ɓangaren masu shaye-shaye, kuma likita da masanin halayya da jami'in walwala duk suna wuri ɗaya. Rauninta jira ne, sannan ba kai kake zaɓen likita ba. Yau ka ga wannan, wata mai zuwa ka tarar da wani, ka sake ɗauko labari daga tushe. Ga namijin da da ƙyar aka shawo kansa ya buɗe baki sau ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Asibitin kuɗi akasin haka yake. Kina iya samun lokaci cikin kwana biyu ko uku, akwai masu duba marasa lafiya bayan Magariba, wanda zai yi wa mai aikin rana daidai, kuma ke za ki zaɓi likita da sunansa ki ci gaba da komawa wurinsa. Sai dai duk binciken da a gwamnati hukuma take yi a madadinki, a nan ya dawo wuyanki. Abubuwa uku ne, kuma kada ki tsallake ko ɗaya.

Takardun likita. Duk mai aikin lafiya a ƙasar nan, ɗan ƙasa ko baƙo, sai ya yi rajista da Hukumar Ƙwarewar Fannonin Lafiya ta Saudiyya, wadda ake ce wa "Hai'atut Takhassusat", an kafa ta a 1992. A shafinta akwai wurin da ake tabbatar da rajistar ma'aikaci. Ki nemi cikakken sunan likitan da lambar rajistarsa daga asibitin, ki duba fanninsa ko "ɗibb nafsi" ne, wato likitancin ƙwaƙwalwa, ki duba ko rajistar tana aiki, ki duba matsayinsa. Matakan su ne muƙim, na'ib, na'ib awwal, sai istishari a ƙoli. Ba dole sai istishari ba, na'ib awwal mai sauraro ya wadatar, kuma kuɗin ganinsa ya fi sauƙi. Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne masu tallar kansu a TikTok da Snapchat da sunan "mudarrib" ko mai gyaran rayuwa. Wasu bakinsu da zaƙi, amma in sunan mutum ba ya cikin rajistar nan, kada ki miƙa masa mijinki.

Sai inda likitan ya jingina. Da yawa daga ƙananan wuraren duba masu ciwon ƙwaƙwalwa ɗakuna biyu ne a saman bene, ba gado ba sashen gaggawa. Ba laifi ba ne, amma ki tambaye shi kai tsaye: in jiki ya rikice da tsakar dare, ina za mu nufa, kuma wane asibiti kake tura waɗanda suke bukatar kwanciya? Likitan kirki yana da amsa a bakinsa. Ki kuma duba lasisin Ma'aikatar Lafiya a bango. In babban asibiti ne, ki tambaya ko yana da shaidar CBAHI, hukumar da take tantance ingancin asibitoci a ƙasar.

Na ukun, inshora, shi ne ya fi cin rai. Majalisar Inshorar Lafiya, "Majlisud Daman", ita take tsara abin da dole kowace takardar inshorar ma'aikata ta ƙunsa, kuma ciwon ƙwaƙwalwa yana ciki. A da iyakarsa riyal 15,000 ne, a gyaran da aka yi a 2022 aka ɗaga shi zuwa riyal 50,000. Don haka kada wani ya ce miki "tamin ba ya biyan nafsiyya", wato inshora ba ta biyan ciwon ƙwaƙwalwa, ki juyo gida. A shafin majalisar, in kin sa lambar igamarsa za ki ga kamfanin da yake ciki da ranar da inshorar za ta ƙare. Amma kati suna ya tara. Ko kamfanin Bupa ne ko Tawuniya ko Medgulf, kowanne yana da aji-aji, daga VIP zuwa A, B, C, kuma kowane aji da jerin asibitocinsa, abin da suke kira "shabaka". Ni a nan na sha wuya. Mun je wani asibiti da ƙanena, a teburin karɓar baƙi aka ce suna karɓar katinsa, sai da muka hau sama aka ce ɗakin nafsiyya kuɗi hannu ne. Yaron nan ya juya ya fita, sai da na yi mako uku ina lallashi kafin ya sake yarda. Saboda haka ki kira lambar da take bayan katin ko cikin manhajar kamfanin, ki tambaya da sunan asibitin da sunan likitan. Ki tambaya ko sai an nemi "muwafaƙa", wato amincewar kamfanin inshora, kafin a gan shi, nawa ne kason da zai biya daga aljihunsa a kowace ziyara, kuma zaman magana da akhissa'i yana ciki ko a'a. Sannan ki kira asibitin ki maimaita tambayoyin. In amsoshin biyu sun dace, sai ku fita.

Na san abin da yake ransa ko bai faɗa ba: kada wurin aiki su ji. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2014 ta ba mara lafiya haƙƙin a rufa masa asiri. Gaskiya kamfanin inshora zai ga sunan ciwon a takardar neman biya, amma wannan daban da a kai wa mudirinsa, wato shugabansa na wurin aiki, labari. In duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, yana iya biyan ganin farko da kuɗinsa, ko ya fara ta manhajar ganin likita ta waya irin Labayh daga ɗakinsa. A can ma ki duba rajistar wanda za a haɗa shi da shi. Ki kuma gaya masa cewa babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da aka yi a ƙasar nan ya gano kusan 34 cikin 100 na 'yan Saudiyya sun taɓa fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa a rayuwarsu. Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Ruƙiyya ta ci gaba, magani ya shigo.

In da ni ce ke, asibitin kuɗi da yake cikin shabakar katinsa zan kai shi, wurin likita ɗaya da za mu riƙe. Maganin damuwa yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa sosai, wani lokaci sai an sauya ko an ƙara, kuma ba a yanke shi dare ɗaya. Ke nan za ku yi ta komawa, shi ya sa kusa da gida da abin da aljihu zai jure suka fi sunan likitan da ya shahara. Amma in ya fara zancen mutuwa ko ya gaji da duniya, ko yana jin muryoyi, ko ya daina cin abinci gaba ɗaya, a bar maganar kati. A kira motar asibiti a 997 ko a nufi sashen gaggawa mafi kusa, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Don shawara akwai 937 na Ma'aikatar Lafiya, akwai 920033360 na masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Don Allah kada a aiko masa da ƙwayar barci daga gida ta hannun masu zuwa Umra, kada kuma ya karɓi ragowar maganin wani. Irin su tramadol da Xanax da Lyrica suna ƙarƙashin tsauraran dokoki a nan, riƙe su ba takardar likita na iya kai mutum gidan yari. Ranar zuwa ki tafi da igamarsa da duk maganin da yake sha, ki rubuta a takarda ranar da abin ya fara da awa nawa yake barci. In Larabcinsa ba ya kai shi ga faɗin abin da yake zuci, ya zaɓi wanda ya amince da shi ya yi masa tafinta, shi da kansa zai zaɓa. Ki duba katin yau ki gaya mini ajinsa da unguwar da kuke, sai mu duba jerin asibitocin tare.