Bazday a bakin tafki: Akosombo, Kivu, Naivasha ko Sapanca?

Mai son ya kai uwargida ko Hajiyarsa hutun zagayowar ranar haihuwa a bakin ruwa, kada ya bari hoto ya yi masa zaɓi. A hoto kowane tafki shuɗi ne, lumui. Bambancin yana ga wahalar da za a sha kafin a isa: biza, tsawon hanyar mota bayan an sauka daga jirgi, da abin da za a ci a can. Sai kuma yanayin mai bazday ɗin, ko mai son zama ce ko mai son yawo.

Akosombo da ke Ghana ita ce mafi sauƙi ga ɗan Najeriya. Ba biza, saboda ECOWAS, sai dai katin rigakafin shawara da za a nema a filin jirgi. Daga Accra tafiyar kamar awa 2 ce. Madatsar da aka kammala a 1965 ita ta haifar da tafkin Volta, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, kuma akwai jirgin ruwan shaƙatawa da ke zuwa tsibirin Dodi. Ga tuwo, ga wake da shinkafa da suke kira waakye, ga Hausa a bakin mutanen zango. Dattijuwar da ba ta son baƙon abinci, nan ne wurinta. Aibinsa zafi da gumi, kuma ba lallai mutum ya ji ya yi nisa da gida ba.

In don ni ne, mata da miji su nufi tafkin Kivu a Ruwanda. 'Yan Afirka suna shiga ƙasar na kwana 30 ba tare da kuɗin biza ba, kuma RwandAir na tashi daga Legas zuwa Kigali. Tafkin yana kan tudu, kusan mita 1,460, shi ya sa iskarsa ke da sanyi-sanyi ko da rana tsaka. Babu dorina, babu kada, ana iya wanka a bakin gaɓa. Garuruwa biyu ake ta kwatantawa, Rubavu da Karongi. Rubavu ta fi rairayi da manyan otal, amma katanga ɗaya take da Goma ta Kwango, wadda 'yan tawayen M23 suka kama a Janairun 2025, kuma ba a kai mutum bikin farin ciki inda hankalinsa zai rabu biyu. Karongi, wadda har yanzu wasu ke kira Kibuye, ta fi shiru. Tafiyar kamar awa 3 ce daga Kigali, hanyar kuwa kwana ce bayan kwana a cikin duwatsu, don haka mai jiri a mota ta sha magani tun kafin a tashi. Da almuru masunta kan fito da kwale-kwale uku-uku a haɗe, da fitilu, suna waƙa suna tuƙi. Abin da suke kamawa shi ne sambaza, 'yan ƙananan kifi da ake soyawa rumus a ci har ƙayar. Wanda ke shakkar yankan nama, wannan kifin ya ishe shi, in an dawo Kigali a rama a Nyamirambo, unguwar Musulmi. Abu biyu a kiyaye: an hana leda a ƙasar tun 2008, sannan safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata ta aikin gayya ce, Umuganda, shaguna a rufe, motoci kuma sai ɗaiɗaiku har hantsi.

Naivasha a Kenya, kusan kilomita 90 daga Nairobi, ta masu yara ce. Ana taka ƙasa a tsibirin Crescent Island da ke tafkin, a tsakanin raƙuman dawa da jakunan dawa. Amma tafkin cike yake da dorina, ba wanka, ba yawon dare a bakin ruwa, kuma daga Maris zuwa Mayu ruwan sama kan ɓata shiri.

Sapanca ta Turkiyya, kamar awa 2 daga Istanbul, ta fi kowa sauƙin halal da masallaci, ga ƙananan gidajen katako na haya masu wurin wanka a killace, abin da matar da ba ta son idon jama'a za ta so. Matsalarta biza. Ranar haihuwa ba ta jiran ofishin jakadanci, saboda haka wanda bai fara nema da wuri ba ya haƙura da ita sai baɗi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma sanyin ya wuce na zaman bakin ruwa.

Ko'ina aka zaɓa, a sa kuɗin a ɗakin da ke kallon ruwa, ko da za a rage kwana ɗaya. A tambayi otal a rubuce ko baranda ce ke fuskantar tafkin ko kuwa sai an leƙa ta taga. A yi odar kek tun kafin a taso, a ce musu kada a sa giya a ciki. Mai kwale-kwale kuma a daidaita da shi kan kuɗi da awa nawa tun ana tudu, in ba shi da rigar hana nutsewa daidai yawanku, a nemi wani.