Yadda aka sauko da Kawu daga kan dutse ba a karɓi ko sisi ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu tambayata yadda Kawu ya ji da Amurka, ga abin da ya same mu a kan dutse, don har yau bai bar raina ba.

Da ya zo jihar Kolorado ganin jikoki, na ce ba zai koma gida ba sai ya ga Maroon Bells, wasu tagwayen duwatsu kusa da garin Aspen, tafiyar kamar awa huɗu a mota daga Denba, babban birnin jihar. Kowannensu ya haura mita 4,200, ga tafki kwance a gindinsu, ruwan garai-garai har kana ganin duwatsun a cikinsa. Wurin yana cikin gandun dajin White River, mallakar gwamnatin tarayya, a hannun hukumar gandun daji da aka kafa tun 1905. Ƙarshen Satumba ne, ganye duk ya koma ruwan ɗorawa.

Zuwan kansa aiki ne. Sai ka kama gurbi a intanet tun kafin ranar, kuma da rana ba a barin kowa ya hau da motarsa. Ka ajiye ta a ƙasa ka biya, ka shiga bas ka sake biya. Kawu ya ce da ni, "Yanzu kallon ikon Allah ma sai da tikiti?" Abincin Aspen kuwa ba ya taɓuwa don tsada, gara da muka yi guzurin dambun nama da shayi a fulas.

Tafkin yana sama da mita 2,900, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. A can sama iska ba ta ƙosar da huhu, baƙo yakan ji jiri da ciwon kai. Mun kama wata siririyar hanya mai duwatsu zuwa tafki na biyu, Crater, kusan kilomita uku. Mun yi nisa sai jiri ya ɗebi Kawu, ya taka dutse ya gurɗe. Ya zauna yana haki, idon sawu ya kumbura suntum, ga amai. Na duba waya, babu sabis ko ɗigo.

Wata dattijuwa mai sanduna biyu ta tsaya a kanmu. Ta ciro wata 'yar na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ta sanar, ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa masa, ta zauna tare da mu. Kafin la'asar sai ga mutane sun bayyana da jakunkuna a baya, da tukunyar iskar oksijin, da gadon ɗaukar majinyaci mai taya ɗaya a ƙarƙashi. Ɗayansu ya durƙusa ya kwance wa Kawu takalmi a hankali, yana tambayarsa sunansa da ranar da ake ciki don ya san ko hankalinsa na nan. Suka ɗaure ƙafar, suka riƙa karɓa-karɓa a kan duwatsun nan har bakin titi.

A ƙasar nan motar asibiti kaɗai tana iya cinye albashin mutum, don haka tun a hanya gabana ke faɗuwa. Na tambayi shugabansu nawa za mu biya. Ya ce babu. A Kolorado alhakin ceton wanda ya maƙale a daji yana wuyan shugaban 'yan sandan gunduma ne, masu aikin kuma 'yan sa-kai ne, ba su da albashi. Da gangan ba sa karɓar kuɗi, don kada tsoron biya ya sa mutum ya ƙi kira har rai ya salwanta. A cikinsu akwai kafinta, akwai malamar makaranta, kowa ya bar sana'arsa ya taho. Kawu ya zaro kuɗi ya ce ga na goro, suka ƙi. Sai ya ɗaga hannu ya yi ta sa musu albarka da Hausa, idonsa ya ciko. Asibitin dai bai raga mana ba, takardar kuɗinsa ta biyo mu har gida.

A daren na kasa barci, ina tuna Falgore da Tiga, inda muke zuwa yawon buɗe ido muna 'yan makaranta. Yau wa zai ɗauki iyalinsa ya shiga Kamuku ko dajin Rugu? Mun sakar wa 'yan bindiga. Inda ya rage da zaman lafiya kuma mun cika shi da ledar fiya wata, malamin daji ba babur ba kayan aiki, mai gatari yana sara yana kallo. A hanyar nan da muka bi, ko bawon alawa ban gani a ƙasa ba.

Zuciyar taimako kam ba su fi mu ba. Mota ta kife a hanyar Zariya, kafin ka ce kwabo jama'a sun taru. Amma da hannu kawai muke zuwa. Lokacin da kwalekwale ya kife a Bagwai a 2021 da yara 'yan Islamiyya, da a ce akwai rigunan ceto a jikinsu, Allah kaɗai ya san nawa za su tsira. Muna da 'yan agaji a kowace unguwa, matasa masu jini a jika. Ni dai na yi magana da 'yan ƙungiyarmu na nan: kuɗin da muke haɗawa na bana, a sayi gadon ɗaukar majinyaci da rigunan ceto, a nemo ma'aikacin jinya ya koya musu ɗaurin karaya. Wanda ya san amintaccen shugaban 'yan agaji a yankin Bagwai ko Tiga, don Allah ya haɗa ni da shi.